Babban Kamu Da Maganar Iri

'Yan'uwa manoma, mu mutanen Ikara da Makarfi da Kudan nesa muke da teku. Abin da muka sani na teku shi ne busasshen jatan lande, watau kirefish, wanda 'yan kasuwa sukan kawo daga kudu, matanmu su daka su zuba a miya. Ƙaguwa kuwa sai 'yar ƙaramar nan ta bakin rafi. Amma akwai wani labarin masuntan teku da ya kamata mu ji, gama ya shafi dam da tafkunan da ke hannun ƙungiyoyinmu.

A cikin teku akwai wani babban ɗan'uwan jatan lande, Turawa suna ce da shi lobsta. Yana da ɓawo mai tauri da manyan hannuwa biyu kamar awartaki. A shekara ta 1977 masunta a Noba Skoshiya, ƙasar Kanada, suka kama wani mai nauyin kilo 20 da ɗoriya, watau kusan nauyin tiya 8 na masara. Shi ne mafi nauyi da aka taɓa rubutawa.

Yaya ya kai haka? Shekaru ne. Lobsta ba ya girma sai ya tuɓe ɓawonsa ya yi sabo, kuma yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7 kafin ya kai rabin kilo. Mace mai rabin kilo takan ɗauki ƙwai wajen 8,000, amma mai kilo 4 takan wuce 100,000. Ashe babbar uwa ɗaya ta fi ƙanana goma amfani wajen haifuwa.

Dabarar masuntan Men

Masuntan jihar Men a Amurka sun gane wannan tun da daɗewa. A 1872 aka yi dokar hana kama mace mai ɗauke da ƙwai. A 1933 aka sa awo biyu: wanda bai kai ba a mayar da shi ruwa, wanda ya wuce ma a mayar. Idan ɓawon bayansa ya wuce inci 5, ba na sayarwa ba ne. Masunci kuwa in ya kama mace da ƙwai, sai ya tsaga mata 'yar shaida a wutsiya ya sake ta. Duk wanda ya sake kama ta ya san uwa ce, sai ya bar ta.

Shekaru da dama abin da suke kamawa bai wuce wajen kilo miliyan 9 a shekara ba. A 2016 ya kai kimanin kilo miliyan 60. Ba doka kaɗai ta kawo wannan ba. Ruwan tekun ya ƙara ɗumi, manyan kifayen da ke cin 'ya'yan lobsta kuma sun ragu. Amma da an cinye iyayen, da wa zai haifi 'ya'yan?

To, mu fa?

A yawon da mukan yi wurin ƙungiyoyi, mukan ji kuka iri ɗaya: kifi ya ƙare a dam, sai ƙanana. In muka tambaya, dalilin ba ya ɓuya. Wani ya ja gidan sauro a maimakon taru, ya kwashe har 'ya'ya. Wani ya zuba maganin ƙwari na feshi a ruwa, kifi ya mutu babba da ƙarami, a ruwan da shanunmu suke sha, muke kuma ban ruwan tumatir da rake da shi. Wani kuma da farkon damina ya bi tarwaɗa cikin ciyawa sa'ad da ta fito zuba ƙwai.

Ba manomin kirki da zai cinye irinsa da bazara. Damin da ya fi kyau shi muke ratayewa domin shuka. Babbar tarwaɗa mai cike da ƙwai ita ce irin dam. Haka uwar karfasa, wadda akwai irinta mai riƙe ƙwai da 'ya'ya cikin bakinta har su yi ƙarfi.

Ga shawararmu ga kowace ƙungiya mai dam ko tafki:

1. A zauna da mai gari da Sarkin Ruwa a sa doka ɗaya, kowa ya ji da kunnensa.
2. A hana guba da gidan sauro sam sam.
3. Idon taru kada ya kasa yatsa uku.
4. A rufe su daga ruwan fari har ƙarshen Agusta.
5. Babbar mace mai kumburarren ciki a mayar da ita ruwa.
6. Magatakarda ya riƙa rubuta abin da aka kama kowace shekara, domin mu ga ko muna ci gaba.

Mun sani ba shi da sauƙi mutum ya saki babban kifi alhali miya ba nama a gida. Domin haka ne muka ce dokar ta zama ta jama'a duka, gama ba mai sakin nasa in ya san maƙwabcinsa zai kama shi gobe. Sai a kawo maganar nan a taron ƙungiya na wannan wata, tun damina ba ta faɗi ba.