Yoyon baƙin mai a tsohuwar babbar mota: a gano kafar kafin a kashe kuɗi

Ƴan kasuwarmu na kan iyaka, duk wanda ya saba zagaya tashoshin manyan motoci a Birnin Ƙonni da Illela, ko Ɗan Issa da Jibiya, ya san baƙin tabon nan da ake tararwa a ƙasa idan mota ta tashi da safe. Yawancinmu ba ma kula da shi, har mukan ce ai tsohuwar mota ba ta rabuwa da ɗiga. Amma wannan ɗigon shi ne ke kwantar da mota cike da albasar Galmi a tsakiyar daji, albasa kuwa ba ta jiran bakanike. Asarar ba ta mai mota kaɗai ba ce, ta mai kaya ce.

Motocin da ke ɗaukar mana kaya, irin su Mercedes 911 da DAF da MAN, da yawansu sun sha aiki a wasu ƙasashe kafin su iso hannunmu. Ga zafi, ga ƙurar hunturu, ga lodi fiye da kima. Duk waɗannan suna busar da robobin da ke tare mai a cikin injin har su tsattsage.

Abu na farko, a tabbatar da abin da ke zuba. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai. Man injin dizal baƙi ne wuluk, man giya ya fi kauri kuma yana da wari mai ƙarfi, man sitiyari sau da yawa ja-ja ne, gas kuwa tsinkakke ne, kuma warinsa ba ya ɓuya.

Abu na biyu, kada a yarda da inda mai ya ɗiga. Mai gangarowa yake yi, iska kuma tana kora shi baya idan mota na gudu, saboda haka inda ya faɗo ba lallai ne can ya fito ba. A wanke injin tas, a bari ya bushe, a tayar da shi na kamar minti 15, sannan a kashe a duba da tocila daga sama zuwa ƙasa. Wuri mafi tsawo da aka ga ya jiƙe, nan ne kafar. Idan yoyon ƙanƙane ne, a barbaɗa farar hoda, man zai zana hanyarsa a kanta.

A fara da masu sauƙi: gasket ɗin murfin saman injin, wanda makanikan Nijar ke kira juwan, da bakin filtar mai, da noti na tsiyaye mai a ƙasa, da bututun da ke kai mai ga turbo. Sau da yawa bayan canjin mai tsohuwar robar filta kan manne a wurinta, a ɗaura sabuwa a kai, mai ya riƙa tsartuwa. Wanda ya fi tsada shi ne sil ɗin bayan injin, tsakaninsa da giya, domin sai an sauke giya kafin a kai gare shi, kuma idan aka bar shi man yakan jiƙa kuloci mota ta kasa hawan tudu da kaya.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa, wato bututun numfashin injin. Idan datti ya toshe shi, iska takan taru a ciki ta tunkuɗo mai ta kowace kafa, sai a yi ta canza sil yoyo na dawowa. A buɗe shi a wanke tukuna. In kuwa an cire murfin zuba mai aka ga hayaƙi na bugowa da ƙarfi, to ringi ne suka cinye, aiki ya wuce na gasket. Haka nan idan mai ya koma kalar shayi da madara, ko aka gan shi a ruwan lagireto, a ajiye motar nan take.

Wajen gyara kuma, araha ba ta ado. A sa sabon gasket mai kyau, a kankare tsohon sosai, a ɗaure notuna bi da bi ba tare da matsewa fiye da kima ba, domin matsi na murƙushe shi. Lafta gam da yawa haɗari ne, gutsattsarinsa kan faɗa ciki su toshe rariyar famfon mai. Kada kuma a cika mai ya wuce alamar geji.

Shawararmu ga mai kaya ita ce, kafin a yi lodi ya leƙa ƙarƙashin mota, ya ce direba ya zaro geji a gabansa. Direban da ke yawo da jarkar mai yana ƙarawa a kowane zango bai yi gyara ba, jinkirta asara kawai yake yi. Idan kuma jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a tsaya a kashe injin, ko da kasuwa na ci. Gara a rasa kasuwar rana ɗaya da a rasa injin da kaya gaba ɗaya.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a nema.