Ko Ka Sani? Injin Gas Ba Ya Taya Birki Sai da Famfo

Ba ƙarfin ƙafar direba kaɗai ke tsayar da mota ba. Idan ka ɗaga bonet, daidai saitin fedal ɗin birki, za ka ga wani baƙin ƙarfe mai siffar kwano, wanda kanikawa ke kira sabo. A cikinsa akwai faifan roba. Ana zuƙe iskar da ke ciki, da zarar ka taka birki sai iskar waje ta shigo ta gefe ɗaya ta danna faifan. Iskar nan da muke shaƙa tana danna kowace santimita murabba'i da nauyin kusan kilo 1, shi ya sa faifai mai faɗin santimita 20 kan iya ƙara wa ƙafarka ƙarfin kusan kilo 200.

To, wa ke zuƙe iskar? Injin fetur kyauta yake yi. Yana da ɗan murfi a maƙogwaronsa wanda totur ke buɗewa da rufewa. Idan murfin na rufe, fistoci na ta jan iska ba ta isarsu, sai zuƙa mai ƙarfi ta samu, a jona tiyo daga nan zuwa sabo. Injin gas kuwa, tun wanda Rudolf Diesel ya tayar a Jamus a 1897, da yawan man da aka fesa masa ake sarrafa gudunsa. Iska na shiga son ranta, babu zuƙar da za ta ishi birki, shi ya sa ake haɗa masa famfon zuƙa.

Nan ne nake jin tsoro duk lokacin da aka ce a wani gareji na Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni a Kano an sauke injin fetur daga Hiace ko Hilux an ɗora na gas ɗan Beljiyam. Inji ya tashi, kowa na murna, an manta da tiyon sabo yana lilo. A injinan Toyota irin su 2L da 3L da 5L, famfon zuƙar yana maƙale ne a bayan altaneta, kuma baƙin mai yake sha: bututu ɗaya ya kawo masa, ɗaya ya mayar. Wanda ya je Ƙofar Ruwa ya sayo altaneta marar famfo don ta fi araha, ya sayo wa kansa birki mai tauri. Motar za ta tsaya, amma sai ta yi nisa, kuma cunkoson Titin Zariya wajen Asibitin Malam Aminu Kano ba ya ba da wannan tazarar.

Tsofaffin Marsandi masu gas, irin su 240D da 300D, har kashe inji da wannan zuƙar suke yi. Tiyo ya tsage, ka zare makulli inji na ci gaba da ruri, sai ka buɗe bonet ka danna maɓallin tsayarwa da hannu.

Idan an sauya inji, tiyon sabo ya zama mai kauri wanda ba ya lotsewa, kada a sa na ruwa. A tabbatar da ɗan bawul ɗin da ke hana iska komawa yana nan, kuma ba a juya shi ba, domin shi ke ajiye maka taku biyu ko uku idan inji ya mutu kana tafe.

Kafin ka karɓi mota, gwada da kanka. Inji a kashe, ka yi ta taka birki har ya yi tauri, ka riƙe shi, sannan ka tayar. Idan fedal ya ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka, famfo na aiki. Idan bai motsa ba, ce wa Oga da sauran aiki, kada motar ta hau titi.