Dunstan: Limamin Kirista da ya yi zamani da sarakunan Ingila bakwai

Tsarin bikin naɗin Sarki Charles na Uku da aka yi a Landan a shekarar 2023, da rantsuwarsa da shafa masa mai da ɗora masa kambi, ya samo asali ne daga wani biki da aka yi a garin Bath a shekarar 973. Wanda ya jagoranci wancan biki shi ne Dunstan.

An haifi Dunstan a farkon ƙarni na 10 a kusa da Glastonbury, a kudu maso yammacin Ingila. Cikin shekarun 940 Sarki Edmund ya naɗa shi shugaban gidan ruhubanawa na garin, wato masu ƙaurace wa aure da dukiya domin ibada. Sai dai shi Dunstan bai ƙaurace wa fada ba: a zamanin Sarki Eadred har wani ɓangare na dukiyar masarauta aka ba shi ajiya.

Al'amura sun dagule a 956. Marubucin tarihinsa na farko ya ruwaito cewa a ranar naɗin Sarki Eadwig, wanda matashi ne, sarkin ya bar manyan ƙasa a wurin walima ya keɓe da wata budurwa da mahaifiyarta. Dunstan ya bi shi, ya maido da shi wurin taro ala tilas. Masoyin Dunstan ne ya rubuta labarin, kuma budurwar ita ce sarkin ya aura daga baya, abin da ya sa masana ke ganin rikicin na neman iko a fada ne fiye da na tarbiyya.

Dunstan ya yi gudun hijira zuwa Ghent, a ƙasar Beljiyam ta yau. Amma a 957 yankunan da ke arewa da kogin Thames suka yi wa Edgar, ƙanen sarkin, mubaya'a. Edgar ya kira shi gida, ya ba shi bishop na Worcester, sannan na Landan. Da ya gaji ƙasar baki ɗaya a 959, sai ya ɗora shi kan kujerar babban bishop na Canterbury.

Bayan rasuwar Edgar a 975, Dunstan ya mara wa ɗansa Edward baya a takaddamar gadon sarauta. Aka kashe Edward a 978, ƙanensa Ethelred ya hau, tasirin Dunstan a fada kuma ya ragu. Ya ƙarasa rayuwarsa yana koyarwa a Canterbury, inda ya rasu ranar 19 ga watan Mayu, 988.