Kukan 'Yan Kallo: Yadda Jama'a Suka Karɓi Fim Ɗin "Dear Zachary"

Akwai wani fim da aka fito da shi a Amurka cikin shekarar 2008 wanda ya bar wa 'yan kallonsa wata ɗabi'a mai ban mamaki. Wanda duk ya gan shi yakan matsa wa abokinsa ya je ya gani, sa'an nan kuma ya gargaɗe shi da abu biyu: kada ya binciki labarin kafin ya zauna kallo, kada kuma ya kalla ran da yake da wani aiki a gabansa. Da yawa sukan ƙara da cewa su kam sun gani sau ɗaya, ba su kuwa ƙarawa har abada. Sunan fim ɗin Dear Zachary, ma'anarsa dai wasiƙa ce zuwa ga wani yaro game da ubansa. Ba ƙagaggen labari ba ne, mutanen da ke cikinsa na gaskiya ne, abin da ya same su kuma ya auku. Mai karatu zai yi haƙuri a karya masa gargaɗin farko, domin ba yadda za a yi bayanin kukan ba tare da an faɗi abin da ya jawo shi ba.

Asalin Labarin

Andrew Bagby likita ne matashi, ɗan shekara 28, shi kaɗai iyayensa suka haifa. Yana aikin sanin makama a garin Latrobe na jihar Pennsylvania sa'ad da aka tsinci gawarsa a wani wurin shan iska, ran 6 ga Nuwamba 2001, an harbe shi sau 5. Zargi ya faɗa kan Shirley Turner, ita ma likita, wadda suka yi nema tun suna makarantar koyon aikin likita a Newfoundland ta ƙasar Kanada, bai kuwa daɗe da rabuwa da ita ba. Kafin a kama ta ta tsallaka Kanada, can kuma ta bayyana cewa tana ɗauke da cikinsa. Ran 18 ga Yuli 2002 ta haifi ɗa namiji, aka sa masa suna Zachary, watau Zakariyya.

Wanda ya shirya fim ɗin, Kurt Kuenne, abokin marigayin ne tun suna yara a Kalifoniya, kuma tun a lokacin yakan sa shi cikin 'yan finafinansa na wasa. Saboda haka yana da hotunan abokinsa masu yawa a ajiye. Da ya ji labarin cikin sai ya ƙudurta zai tara wa yaron labarin ubansa daga bakin waɗanda suka san shi. Ya ɗauki na'urarsa ya bi dangi da abokai gari gari a Amurka, ya je har Ingila wurin dangin uwar marigayin. Niyyarsa ta fari ba ta wuce abin da za a kalla a cikin gida ba.

A nasu ɓangaren, iyayen marigayin, David da Kate Bagby, sun bar gidansu suka koma birnin St. John's domin su kusanci jikansu. A nan suka sha abin da ya fi maɗaci. Kotu ta ba da Shirley Turner beli yayin da ake shari'ar miƙa ta ga Amurka, don haka in suna son ganin jikan dole su zauna da matar da suka tabbata ita ta kashe musu ɗa, su gaisa da ita, su fita yawo tare. Cikin Nuwamba 2002 aka tsare ta, yaro ya koma hannunsu. Cikin Janairu 2003 wata alƙaliya ta sake ba ta beli, bisa dalilin cewa laifin da ake zarginta da shi mutum guda ya shafa, ba ta zama haɗari ga sauran jama'a ba. Aka mai da mata ɗanta. Ran 18 ga Agusta 2003 ta ɗaure shi a jikinta ta faɗa tekun Atlantika, suka mutu tare. Yaron yana da wata 13.

Abin da Ke Sa Kukan

Finafinan kisan kai na gaskiya suna da yawa, kuma galibi mai kallo yakan zauna ne kamar ɗan sanda, yana neman wanda ya yi. A nan ba a ɓoye wanda ake zargi ba, tun farkon fim aka faɗe ta. Abin da Kuenne ya ɓata lokaci a kansa shi ne ya sa mai kallo ya san Andrew Bagby: dariyarsa, barkwancinsa, yadda abokai da yawa kowa ke ɗaukarsa babban amininsa. Kafin a kai tsakiya mai kallo ya daina zama baƙo, ya zama kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa aka ba shi tabarma cikin dangi.

Amma babban tarkon yana cikin sunan fim ɗin ne. Wasiƙa dai ba a rubuta ta sai ga mai rai. Tun daga fari mai ba da labari yana magana da yaron kai tsaye, yana gaya masa ga ubanka, ga kakanninka, ga abin da za ka sani in ka girma. Mai kallo kuwa, ba tare da ya lura ba, sai ya jingina zuciyarsa a kan wannan alkawari. Kome munin abin da ya gani, yana cewa a ransa ai ga yaron nan, wata rana zai zauna ya kalli wannan. Haka mai sauraron tatsuniya yake jure wahalar da kishiyar uwa ke ba marainiya, don ya san ƙarshenta daɗi ne. To, sa'ad da aka zo ga ran 18 ga Agusta, allon yakan rine ja, ƙara ta tashi, abin da mai kallo ya jingina a kai ya zame. Mutuwar Andrew an ba shi labarinta ne, amma ta Zachary kamar a gabansa aka yi.

Ana iya cewa wannan dabara ce ta yaudara, amma ya kamata a tuna cewa haka abin ya zo wa Kuenne kansa. Ya yi ta aikin yaron na da rai, ya je Newfoundland ya ɗauke shi a hannu kimanin wata guda kafin rasuwarsa. Bai yi kome ba illa ya bi da mai kallo ta hanyar da shi ya bi. Shi ne ya ɗauki hotunan, shi ya harhaɗa su, shi ya tsara kiɗan, shi ne kuma mai ba da labarin, har akwai wuraren da muryarsa ke rawa bai kuwa sake ɗauka ba. Wannan rashin gyara yana daga cikin abin da 'yan kallo suka fi ambata. Ga kuma saurin da hotuna da muryoyi ke bin juna cikin minti 95, ba a ba mutum sararin ya numfasa ya tuna cewa fim yake kallo.

Daga Kuka Zuwa Fushi

Abu na biyu da 'yan kallo ke faɗa bayan kuka shi ne fushi, kuma abin lura, ba a kan matar kaɗai fushin ke tsayawa ba. Ita dai ta mutu, ba abin da za a yi mata. Fushin yakan koma kan kotun da ta sake ta, da likitan ƙwaƙwalwar da ya tsaya mata a beli, da ma'aikatan kula da yara waɗanda suka bar jariri a hannun wadda ake tuhuma da kisan kai. David Bagby ne ke jan wannan fushi. Dattijo ne mai natsuwa a yawancin fim ɗin, amma akwai inda ya fashe da zagi a gaban na'ura, har ya faɗi cewa ya taɓa tunanin kashe matar da hannunsa don jikansa ya tsira, ko da shi zai ƙare a kurkuku. Mai kallo kan tarar da kansa yana gyaɗa kai ga wannan magana, daga baya kuma abin ya dame shi. Mutum mai hankali ya zauna cikin ɗakinsa yana goyon bayan kisa, wannan ba ƙaramin abu ba ne a ce fim ya jawo.

Waɗansu masu sharhi sun tsaya a daidai nan suka yi suka. Sun ce fim ɗin ya ja 'yan kallo da ƙarfin tsiya, bai bar musu zaɓin abin da za su ji ba. Sun kuma nuna cewa Shirley Turner ba a taɓa yanke mata hukuncin kisan Andrew Bagby ba, tun da ta mutu kafin a gurfanar da ita, fim ɗin kuwa bai nemi fahimtar halin da ƙwaƙwalwarta ke ciki ba, ya nuna ta ne kawai kamar shaiɗaniya. Sukan yana da tushe. Tana da waɗansu 'ya'ya uku da su ma suka yi rashin uwa da ƙane a rana guda, baƙin cikinsu kuwa bai sami wuri sosai ba. Sai dai Kuenne bai taɓa cewa shi alƙali ne ko ɗan jarida ba. Abokin mamaci ne, kuma wanda ke zaman makoki ba a tsammanin adalci daga bakinsa. Mai kallo ne ya kamata ya riƙe wannan a ransa, ko da yake da wuya ya tuna da shi sa'ad da hawaye ke zuba.

Ita kuwa al'adar nan ta ɓoye ƙarshen labarin tana da nata abin dubawa. Mutuwar jariri ce ta gaskiya, an buga ta a jaridun Kanada, amma 'yan kallo suna tsare ta kamar sirrin wasan kwaikwayo don kada a rage wa na baya zafin bugun. Akwai ɗan abin kunya a ciki, domin ya nuna cewa mutane na neman bugun ne da kansa. Amma kuma wanda ya shiga da sani yakan tsare zuciyarsa tun daga farko, ba zai yarda ya so yaron ba, ta haka kuwa ba zai ɗanɗani ko kaɗan daga abin da kakannin suka sha ba. A ƙarshen fim ɗin, da ya rasa wanda zai aika wa wasiƙar, Kuenne ya juya ta ga David da Kate, abokan ɗansu suna faɗa musu ɗaya bayan ɗaya cewa ba su zama marasa 'ya'ya ba. Mutane da yawa sun ce a nan ne suka fi yin kuka, ba a wurin mutuwar ba.

Inda Fushin Ya Kai

Tun 2006 wani binciken hukuma da Dokta Peter Markesteyn ya gudanar ya tabbatar cewa ana iya kauce wa mutuwar yaron, kuma bai kamata a bar shi a hannun uwar ba. David Bagby ya buga littafi kan al'amarin a 2007. Amma fim ɗin ne ya kai maganar inda takarda ba ta kai ba, musamman bayan da gidan talabijin na MSNBC ya nuna shi a ƙarshen 2008. Aka nuna shi a Ottawa domin 'yan majalisar Kanada a 2009, Kuenne kuma ya aika musu da kofensa. Wani ɗan majalisa daga Newfoundland, Scott Andrews, ya gabatar da ƙudurin gyara dokar beli, yadda kotu za ta iya hana belin wanda ake zargi da babban laifi in akwai tsoron zai cuci 'ya'yansa ƙanana. Ƙudurin, wanda jama'a suka riƙa kira da sunan Zachary, ya zama doka cikin Disamba 2010, shekara 7 bayan rasuwar yaron. Ribar da fim ɗin ya samu an zuba ta cikin asusun tallafa wa ɗaliban aikin likita da aka buɗe da sunan Andrew Bagby a Latrobe da Newfoundland.