Burgun bakin kogi da aikin da ke gaban jami'ar Yamai

Duk wanda ya bi hanyoyin shiga Yamai a watan Afrilu ko Mayu zai ga amalanken jakuna da raƙuma ɗauke da busasshiyar ciyawa, harawar wake da ta gyaɗa, da dammunan burgu ɗanye da aka yanko daga bakin kogi. Ciyawa ta zama haja a wannan birni. Masu kiwon turke, masu shanun madara na gefen gari da dillalan kasuwar Turaku duk da kuɗi suke ciyarwa, kuma farashi na hawa sosai idan babbar Sallah ta ƙarato.

A wasu ƙasashe sana'ar ciyawa tana da malamanta. A garin Tifton na jihar Jojiya a Amurka, wani masani mai suna Glenn Burton, wanda ya yi aiki a tashar bincike ta jami'ar jihar, ya fitar da ingantaccen irin ƙiri-ƙiri a 1943 domin kiwon shanu. Daga baya tashar ta fitar da wasu ire-iren da ake shimfiɗawa a filayen ƙwallo. Ƙiri-ƙirin nan dai da muke nomewa a gona muna tsaki, shi ne ya zama abin arzikin wasu, saboda an zauna an yi masa karatu.

Mu ma ba mu rasa gidajen ilimi ba. Jami'ar Abdou Moumouni, wadda aka kafa harsashinta a 1971, tana Harobanda da sashenta na koyon aikin gona da kiwo. Akwai cibiyar INRAN tun 1975, da AGRHYMET mai bin diddigin ruwan sama da yanayin makiyaya, ga kuma tashar ICRISAT a Sadore, kudu da birni. Ɗalibai suna rubuta kundaye kan cinikin ciyawa a Yamai, kan garmani da ke mamaye burtali, da kan burgu. Sai dai da faransanci ake rubutawa, kuma mai yanka da mai saye ba su cika jin abin da aka gano ba.

A ɗauki burgu, wanda masana ke kira Echinochloa stagnina. Karansa yana da zaƙi, yana tsawo tare da hawan ruwa, kuma yana ba da ɗanyen abinci lokacin da daji ya bushe ƙurmus. Ana iya dasa shi kamar rake: a yanka kara mai gaɓoɓi a binne a laka, ya yi saiwa. A ƙasar Mali an daɗe ana farfaɗo da fadamun burgu ta wannan hanya. A kewayen Yamai kuwa wurarensa sun ragu. Gonakin shinkafa irin na Saga da Kirkisoye sun ɗauki wani sashe na fadama, yashi yana cike kogi, tsiron nan mai yawo bisa ruwa kuma yana shaƙe gaɓa.

Burgu na da haɗarin da ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya sani. Tsutsar hanta tana rayuwa ne ta hanyar ƙananan dodon-koɗi na ruwa mai kwanciya. Idan ta fita daga jikinsu sai ta manne a ganyen ciyawa, ido ba ya ganinta. Dabbar da ba ta taɓa zuwa kogi ba tana iya kamuwa a kan turkenta, in dai an kawo mata ɗanyen burgu daga irin wannan wuri. Alamun su ne rama duk da cin abinci, fatar ido ta yi fari, ƙasan haɓa ya kumbura, nono ya ragu. Sau da yawa sai a mahauta ake ganewa, lokacin da ma'aikaci ya hana sayar da hantar.

Shanya ciyawar a rana har ta bushe sarai, a ajiye ta makonni kafin a bayar, yana rage haɗarin ƙwarai. Wadda aka tara da danshi tana iya riƙe cutar watanni, ga kuma funfuna. Wani abin lura shi ne allurar ivermectin da ake yawan saye a kasuwa ba ta kashe tsutsar hanta ita kaɗai. Maganinta daban ne, kuma likitan dabbobi ne zai faɗi wanda ya dace da nauyin dabba.

Tambayoyin da suka rage na jami'a ne: wane sashen kogi ne dodon-koɗi ya fi yawa, a wane wata, kwana nawa shanya ke buƙata a zafin Yamai, sau nawa za a yanki fadama a shekara ba ta mutu ba. Ƙungiyoyin makiyaya na iya ɗaukar ɗalibin da ke neman wurin gwajin aiki, su ba shi fili da dabbobin aunawa, bisa sharaɗin ya dawo ya bayyana sakamako da Hausa, Zabarmanci ko Fulatanci a taron ƙungiya kafin ya karɓi takardarsa.