Magidanci da Wasan Shaɗaranji: Ina Amfanin Haddar Buɗe-Wasa?



Tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, wasan nan da Larabawa ke kira shaɗaranji, Faransawa kuma suke ce masa échecs, ya sami sababbin almajirai a cikinmu, kuma da yawansu ba yara ba ne. Magidanta ne, malaman makaranta da ma'aikatan ofis da ƴan kasuwa, waɗanda suka koyi takun doki da na giwa bayan sun haura shekara talatin. Kukansu kusan ɗaya ne: sun kai wani mataki sun cije, wanda ya ci su bara shi ke cin su bana. Maganin da mafi yawansu ke rugawa gare shi kuwa shi ne haddace buɗe-wasa irin na manyan gwanaye, wato jerin takun farko da aka riga aka nazarta aka rubuta a littattafai.

Kafin mu shiga ciki, ya wajaba mu faɗi cewa malamai sun yi saɓani a kan wasan kansa. Imamu Malik ya ƙi shi, kuma mazhabarsa, wadda mafi yawanmu ke bi, ta tsananta a kansa. Malaman Shafi'iyya sun ajiye shi a matsayin makaruhi, muddin ba a sa kuɗi ba, ba a jinkirta salla ba, ba a yi alfasha ba. In aka sa kuɗi kuwa, babu wanda ya yi musun haramcinsa. Wannan shafi ba na fatawa ba ne, kowa ya koma wa malaminsa. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne sa'o'in da magidanci ke zubawa a cikin wasan, daga haƙƙin iyalinsa da barcinsa ake yanko su.

Nazarin buɗe-wasa ba Turawa suka fara shi ba. Wasan ya taso daga Indiya, ya bi ta Farisa, ya shigo hannun Musulmi, kuma a Bagadaza zamanin Abbasiyawa aka fara rubuta masa littattafai. Al-Adli ya wallafa nasa a ƙarni na 9, bayansa aka yi Abubakar as-Suli, marubuci kuma masanin tarihi wanda ya rasu a Basra wajen shekarar 946, da almajirinsa al-Lajlaj. Su suka tsara abin da suka kira ta'abiya, wato jeren mayaƙa kafin a gwabza, har suka raɗa wa kowane jere suna, kamar Mujannah da Sayyal. A zamaninsu waziri gida ɗaya yake takawa a karkace, soja kuma ba ya tsallake gida biyu, saboda haka rundunoni kan daɗe ba su haɗu ba, mutum yana iya jera nasa cikin natsuwa. A ƙarshen ƙarni na 15 ne a ƙasar Sifen aka mayar da waziri sarauniya mai ratsa allo daga gefe zuwa gefe. Daga nan kuskure ɗaya a takun farko ya zama yana iya kashe wasa. Har yau gwanaye na amfani da kalmar ta'abiya ga matsayin da buɗe-wasa ke kaiwa kafin kowa ya fara tunanin kansa.

Mu ɗauki misali guda, wanda ya fi kowane jan hankalin masu koyo. Fari ya tura sojan gaban sarki zuwa e4, baƙi ya amsa da c5: wannan shi ne kāriyar Sisiliya. A taku na biyar, in baƙi ya ɗan matsa sojan gefe zuwa a6, an shiga reshen Najdorf. Sunan Miguel Najdorf ne, haifaffen Polan a 1910, wanda yaƙin duniya na biyu ya rutsa da shi yana gasa a Buenos Aires a 1939, ya zauna a Ajantina, Nazi kuma suka hallaka iyalinsa da ya baro a gida. Bobby Fischer da Garry Kasparov duk da wannan reshe suka yi suna. A cikinsa akwai wata ƴar hanya da ake kira soja mai guba, inda sarauniyar baƙi ke zuwa ta cinye sojan b2 tun a taku na takwas, ta bar mafi yawan rundunarta a gida ba su motsa ba. Fischer ya ƙware a kanta ƙwarai, amma a wasa na 11 na karonsa da Boris Spassky a Reykjavik a 1972, a nan aka tare sarauniyarsa ya sha kaye. To in Fischer, wanda ba shi da wata sana'a sai wannan, ya faɗa ramin, ina ga mai sa'a ɗaya bayan isha'i?

Ga abin da ke faruwa da babba mai hadda. Ya haddace taku goma sha biyar, ya zauna da abokin karawa wanda bai karanta komai ba, a taku na shida abokin ya yi wani abu da ba ya cikin littafi, shi ke nan hadda ta ƙare. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san ɗalibin da ya haddace baitocin Alfiyya ta Ibn Malik amma ba a yi masa sharhi ba: a ba shi jimla guda ya yi li'irabinta, sai ya yi shiru. Kundin buɗe-wasa da aka fara bugawa a Belgrade a 1974 ya kasa su gida 500, kowane gida da rassansa, kuma kwamfuta na ƙara musu tsawo kowace shekara.

A 1973 wasu masana biyu a Amurka, William Chase da Herbert Simon, suka nuna wa gwani da ɗan koyo allo na ƴan daƙiƙoƙi, suka ce kowa ya sake jera abin da ya gani. In matsayin daga wasa na gaske aka ɗauko shi, gwani ya yi wa ɗan koyo fintinkau. In kuwa an watsa mayaƙan ne barkatai, tazarar ta kusan gushewa. Ashe gwani siffofi yake ganewa, waɗanda ya sha gani har suka zauna masa, kamar yadda mai dara ke hango inda uku za su jeru tun kafin ya sa hannu.

Waɗannan siffofi ana samun su ne ta hanyar da ba ta da armashi. Mutum ya warware matsaloli kaɗan kowace rana, na harin doki a kan abu biyu lokaci guda, na ɗaure mayaƙi a gaban sarkinsa, na kisa a layin baya. Ya koyi ƙarshen wasa, kamar yadda José Raúl Capablanca na Kuba, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, ya shawarci masu koyo su fara da shi: sarki da soja guda a kan sarki, sannan hasumiya da soja a kan hasumiya. Ya bar wasannin minti uku-uku da ke cinye dare a waya, ya yi wasa ɗaya mai tsawo, ya rubuta takunsa, ya nemo da kansa inda ya ɓace kafin ya tambayi Stockfish. A ganinmu mafi yawan wasannin masu koyo a kan mayaƙin da aka bari ba mai tsaro ake rasa su, tun buɗe-wasa ya daɗe da wucewa.

Ba muna cewa babba ya nisanci Najdorf har abada ba. Gemu ba ya hana ilimi. Sai dai ya shige shi ta ƙofar dalili. Me ya sa a6? Don a hana doki da giwar fari sauka a b5, a kuma share wa sojan b hanya. Me baƙi ke biya in ya tura e5? Ya bar gidan d5 ba sojan da zai tsare shi, kuma a kan wannan gida ake yawan fafatawa har tsakiyar wasa. Wanda ya riƙe wannan, ya bi cikakkun wasanni ashirin na gwanaye daga farko har ƙarshe, ba zai ruɗe ba in aka kauce wa littafi. Vladimir Kramnik, da zai kara da Kasparov a Landan a 2000, ya zaɓi kāriyar Balin, inda ake musayar sarauniya tun a taku na takwas, don ya san irin filin da Kasparov ba ya jin daɗinsa. Kasparov bai ci ko wasa ɗaya ba a karon, ya rasa kambunsa.

Game da shekaru kuwa, gaskiya ɗaya ce. Gukesh na Indiya ya zama zakaran duniya a 2024 yana ɗan shekara 18, kuma ko Vasily Smyslov, da ya kai wasan ƙarshe na masu neman kambu a 1984 yana da shekara 63, tun yana yaro ya fara. Wanda ya fara da furfura ba kambu yake nema ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya daina zubar da doki kyauta, ya iya kai soja guda har ƙarshen allo, ya kuma iya zama da ɗansa a tabarma ya bayyana masa dalilin kowane taku, a kan allon katako da ake naɗewa a ajiye in an kira salla.