Natsuwar Karkarar Sisili da Abin da Ke Riƙe da Ita

A kudu maso gabashin Sisili, tsibiri mafi girma a Tekun Bahar Rum, akwai wani irin masauki da Italiyawa ke kira agriturismo. Tsohon gidan gona ne na dutse, mai faffaɗan tsakar gida da ɗakuna a kewaye, wanda aka gyara don karɓar baƙi. Wanda ya sauka a irinsa a wajen garuruwan Noto ko Ragusa, abin da zai fara lura da shi shi ne rashin hayaniya. Da asuba sai kukan tsuntsaye da ƙararrawar tumaki. Da hantsi a ajiye masa burodi da cuku da man zaitun da aka tatsa daga itatuwan da yake hange ta taga. Da rana kuwa kowa ya shige ɗaki, kauri na bangon dutse ya tsare masa sanyi, kamar yadda soron ƙasa ke yi a wajenmu.

Wannan natsuwa tana da doka a bayanta. Tun 1985 Italiya ta kafa dokar irin waɗannan masaukai, ta sabunta ta a 2006, kuma jigonta shi ne noma ya ci gaba da zama babbar sana'ar gidan, karɓar baƙi ta biyo baya. Manufar ita ce a hana manomi barin gonarsa ya tafi birni. A ganina wannan shi ne mafi hikima a cikin tsarin, domin ranar da aka daina noma, gidan ya zama otal kamar kowane, sai dai yana da nisa da gari.

Baƙon da ya san Larabci zai ji wasu kalmomi suna yi masa kama da na gida. Tafkin da ake tara ruwan ban-ruwa sunansa gebbia, daga jabiya. Magudanar ruwa saia ce, daga saƙiya. Furen lemo kuma zagara, daga zahra. Musulmi daga Arewacin Afirka sun sauka a Mazara a shekarar 827, suka karɓi Palermo a 831, kuma Noto ce birni na ƙarshe da ya fita daga hannunsu a 1091. Mulkinsu ya wuce, dabarun ban-ruwansu suka zauna. A Palermo ɗin ne kuma Al-Idrisi ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a 1154, inda ya ambaci Gana da Kanem.

Sai dai ruwan da waɗancan magudanai ke ɗauka yana ta raguwa. A watan Agustan 2021 an auna zafi na digiri 48.8 kusa da Sirakusa, mafi tsanani da aka taɓa tabbatarwa a nahiyar Turai. A watan Mayun 2024 gwamnatin Italiya ta ayyana dokar ta-ɓaci a tsibirin saboda fari, aka shiga rabon ruwa, har wasu masu masauki a Agrijento suka riƙa mayar da baƙi. Ga shi kuma baƙo na son tafkin ninƙaya cike taf, alhali makiyayin da ke maƙwabtaka yana sayen ruwan tanka don dabbobinsa. Mai gidan da ya gaya wa baƙonsa gaskiya, ya roƙe shi ya taƙaita wanka, ya fi mini wanda ya ɓoye.

Akwai kuma batun hannayen da ke aikin. A Kampobello di Mazara, a yammacin tsibirin, yawancin masu tsinkar zaitun a kaka 'yan ci-rani ne, da dama daga Afirka ta Yamma, kuma sun shafe shekaru suna kwana a bukkokin leda da kwano. Tashar Pozzallo, inda ake sauke waɗanda aka ceto daga teku, a lardin Ragusa take, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga waɗannan gidajen hutu. Wasu daga cikin masu saukowar ta Agadas suka ratsa hamada. Italiya ta tsaurara hukunci kan dillalan da ke cin gumin leburorin gona a 2016, amma al'adar ba ta mutu ba.

Ban ce kada a je ba. Gidajen da iyali ke nomawa da kansu suna nan da yawa, kuma kuɗin baƙo ne ke riƙe su. Watannin Afrilu da Mayu sun fi dacewa, lokacin da lemo ke fure, zafi bai sauko ba, rijiyoyi kuma suna da sauran ruwan damina. Kafin a biya kuɗin ɗaki, a tambayi mai gida daga ina ruwansa yake zuwa, kuma su wa ke tsinke masa zaitun.